Murhun Mutum Biyu

Murhun Evaristo na nan a tsakar gida,
rabin ganga ne, ya sha walda, ya sha wuta.
Rago guda kan kwanta a kai har da miƙa.
Sai maza huɗu sun kama yake motsawa.
Shekara uku ke nan, babu mai kula shi sai tsatsa.

Ni kuwa tafiya nake so.
Motata ƙarama ce, ta ga jiya ta ga yau.
Tanti a baya, bargo biyu, jarkar ruwa,
ga jikata Ayelén da tulin littattafanta.
Ina ganga za ta zauna?

Na nufi shagon Don Fermín a Esquel,
bayan tashar mota, inda komai ke warin ƙarfe.
Ya jera mini uku a kan kanta,
ya koma gefe yana zuƙar shayinsa ta bututu,
bai ce saya ba, bai ce bari ba.

Na farko mai gas ne, ja, sai ƙyalli,
kana murɗawa wuta ta ce ga ni.
Na ce, in tukunyar ta ƙare a tsakar daji,
kilomita ɗari babu ko kare, wa zan roƙa?
Kuma naman da bai sha hayaƙi ba,
dafaffe ne, ya ari sunan gasasshe.

Na biyu shafal, kamar faranti,
da yatsa biyu ake ɗaga shi.
Na yi dariya, Fermín ya taya ni.
Mun san iskar Patagonia, mu da ita tun goyo,
mai fizge ƙofar mota daga hannu,
ta ɗauki hularka nan, ta kai wa mutanen Chile.
Wannan, kafin nama ya fara zufa,
ya riga mu isa tafki.

Na uku baƙi ne, ba ado, ba tambari.
Ƙafafunsa kan naɗe ciki kamar maraƙi ya kwanta.
Gefensa da tsawo, ya yi wa garwashi katanga.
Ragar tana hawa, tana sauka, mataki uku.
A ƙasa ga aljihun toka,
don kada mu bar wa busasshiyar ciyawa masifa.
Na ɗaga, da nauyi, amma ba na karya ƙugu ba.
Na auna, taƙi biyu da ɗan yatsa.

Na ce, haƙarƙari nawa zai ɗauka?
Ya ce, na mutum nawa?
Bakina ya buɗe zai ce goma sha biyu,
don shekara arba'in haka nake amsawa.
Na haɗiye.
Na ce, biyu.
Ya sunkuya, ya daɗe yana neman igiya
wadda ke rataye a gabansa.

Daren farko, bakin ruwa, duwatsu sun yi shiru.
Iska ta zo, ta zaga shi, ta girgiza, ta haƙura.
Gawayi tafi biyu ya ishe mu.
Ayelén ta ƙone yankan farko,
ta ce laifin gishiri ne.
Ina juya nawa, ina juya nata,
sai na tsinci hannuna ya ɗora na uku,
mai kitse a gefe, irin wanda yake so.
Wurin ya matse, amma ya shiga.

Ta gani. Ba ta ce komai ba.
Da ya nuna, ta raba shi gida biyu,
ta miƙo mini babban.

Da safe na taɓa, ya huce.
Na juye tokar a gwangwani, na naɗe ƙafafun,
na tura shi ƙarƙashin kujerar da ba kowa.
Muka hau tsakuwa, muka yi kudu.
Duk ramin da muka faɗa sai ya yi ƙara,
kamar mutum na gyaran murya
zai ce na cika gudu.